Shin Maganar Tazarar Haihuwa Da Maigida Tana Canza Wani Abu?

"Assalamu alaikum Anti. Shekarata 29, 'ya'yana uku, ƙaramin watansa huɗu. Tsakanin na biyu da na uku wata 15 ne kawai, kuma na sha wuya a wannan haihuwar, har sai da aka ƙara min jini. Ina so in huta. Shekararmu bakwai da aure, ban taɓa yi wa maigidana maganar tazara ba, shi ma bai taɓa ɗauko ta ba. Ba ya duka, ba ya zagi, sai dai ba mai yawan magana ba ne, kuma ina ji a jikina ba zai yarda ba. Ƙawata ta ce in je in yi allura in ja bakina in yi shiru, wai maganar ba ta haifar da komai sai fitina. Shin da gaske magana tana canza wani abu? In tana canzawa, ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da jego, Allah ya raya mana yaran, ya ƙara miki lafiya.

Idan na fahimce ki, abu biyu kike tambaya. Na farko, ko zama da maigida a tattauna yana da wani tasiri na haƙiƙa a kan tsarin iyali, ko kuwa al'ada ce kawai ta ma'aikatan asibiti su ce "je ki shawarci mijinki". Na biyu, yadda mace za ta buɗe bakin magana a kan abin da aka shekara bakwai ana kewaye shi. Ni ungozoma ce, kuma mafi yawan shekarun aikina a ɗakin tsarin iyali na yi su, don haka zan haɗa miki abin da bincike ya nuna da abin da idona ya gani.

Akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da na fi tsayawa a kanta: "ina ji a jikina ba zai yarda ba." Ba ki ce ya hana ba. Ba ki ce kin tambaya ya ƙi ba. Ji kike a jikinki. Wannan jimlar na ji ta daga bakin mata fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma sau da dama idan aka bi diddigi sai a tarar mijin shi ma yana can da nasa zaton. Yana ganin idan ya ɗauko maganar matar za ta ɗauka ya gaji da ita, ko ya gaza ɗaukar nauyin gidansa, ko ba ya son 'ya'yanta. Kowa ya yi shiru don gudun ɓata wa ɗayan rai, ciki kuma ba ya jiran kowa.

Akwai wani magidanci da ba na mantawa da shi. Ya rako matarsa awon ciki na biyar, na ce su shigo tare. Da na kawo maganar hutu bayan haihuwa, matar ta sunkuyar da kai ta ce ai shi ba ya so. Mutumin ya juyo ya kalle ta da mamaki ya ce, "Ni? Yaushe muka yi haka da ke? Ni da tun na uku nake so ki huta, na ga kamar ke ce mai son su da yawa." Shekaru suna ɗaki ɗaya, kowannensu yana yi wa ɗayan biyayya a kan abin da ɗayan bai taɓa nema ba. Ba na ce haka naki yake ba. Yana iya yiwuwa zatonki daidai ne. Amma a yanzu zato ne, kuma kina shirin yanke hukunci babba a kansa.

Abin da bincike ya nuna

Tun a taron duniya kan yawan jama'a da ci gaba da aka yi a Alƙahira a 1994, inda ƙasashe 179 suka amince da tsarin aiki guda, aka fara nanata cewa ba daidai ba ne a ɗora wa mace ita kaɗai nauyin tsarin iyali. Tun kafin nan ma masu binciken lafiyar al'umma sun lura da abu guda a ƙasashe da yawa: ma'auratan da suka ce sun taɓa tattauna tsarin iyali sun fi amfani da shi nesa ba kusa ba. Sai dai wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin mai hankali zai ce, to wa ya sani ko amfanin da suke yi ne ya sa suke maganar, ba maganar ce ta kai su ga amfanin ba? Tambaya ce mai kyau, kuma an bi ta.

A Navrongo da ke arewacin Gana, an bi ma'aurata na tsawon lokaci, aka ga cewa tattaunawar da aka yi a baya tana hasashen wanda zai fara amfani da tazara a gaba, wato maganar ce ke riga. A Addis Ababa ta Habasha, wani bincike da aka wallafa a 1993 ya raba gidaje kashi biyu. Duka an kai musu ziyarar wayar da kai har gida, amma a kashi ɗaya da matar kaɗai aka zauna, a ɗayan kuma har da mijin. Bayan shekara guda, kashi 33 cikin 100 na gidajen da miji ya zauna suna amfani da hanyar zamani, a ɗayan ɓangaren kuwa kashi 17 ne. Kusan ninki biyu ke nan, alhali bayanin da aka ba su iri ɗaya ne. A Malawi kuma, a wani gwaji da aka wallafa a 2011, an horar da maza su riƙa ziyartar 'yan'uwansu maza suna hira da su kan tazara. Amfani da ita ya ƙaru sosai a gidajen waɗanda aka ziyarta, kuma da masu binciken suka duba me ya bambanta wanda ya fara da wanda bai fara ba, abin da ya fito fili shi ne yawan maganar da miji ke yi da matarsa da kuma sauƙin da maganar ta yi musu.

To amma akwai wani binciken da ya kamata in gaya miki, domin yana goyon bayan ƙawarki ta wani ɓangare, kuma ba zan ɓoye shi don ya saɓa wa abin da nake so ki ji ba. A Lusaka ta Zambiya, an raba wa mata takardar samun tazara kyauta ba tare da bin layi ba. Wasu an ba su su kaɗai, wasu kuma an bayar a gaban mazajensu. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna matan da aka ba a gaban miji sun fi ƙarancin zuwa asibiti, sun fi ƙarancin karɓar hanyoyin da ake iya ɓoyewa irin su allura, kuma sun fi haihuwa a watannin da suka biyo baya. Wato shigo da miji cikin lamarin ya zama shinge ga wasu matan, musamman inda mijin ke son 'ya'ya fiye da matar. Amma binciken nan dai ya gano wani abu kuma: matan da suka samu dama a ɓoye sun ba da rahoton raguwar farin ciki da kwanciyar hankali daga baya. Sun samu hutun jiki, sun biya da nauyin sirri.

Me ya bambanta Habasha da Malawi da abin da aka gani a Zambiya? A fahimtata, a na farkon an zauna da namiji an yi masa bayani, an amsa tambayoyinsa, an ba shi lokaci ya juya maganar a ransa. A na biyun kuwa an sanar da shi ne kawai, aka miƙa masa takarda. Sanarwa daban, tattaunawa daban. Namijin da aka ba ikon cewa e ko a'a ba tare da an ba shi ilimin abin ba, sau da yawa a'a zai ce, domin ita ce amsar da ba ta buƙatar ya san komai.

Ta ina maganar ke aiki

Mutane suna ɗauka amfanin magana da miji shi ne samun izini, shi ke nan. A wurin aikina na ga cewa izinin ma shi ne ƙaramin ɓangaren. Babban amfanin yana zuwa ne a wata na uku, na biyar, na takwas bayan an fara.

Ki ɗauki allurar da ƙawarki ta ba ki shawara, ta wata uku-uku. Tana aiki ƙwarai, amma kusan kowace mace da ta fara ta sai al'adarta ta canza. Wata ta riƙa ganin ɗigon jini ba ƙa'ida a watannin farko, wata jinin ya daɗe, da yawa kuma bayan shekara al'adar ta ɗauke gaba ɗaya. Wannan ba cuta ba ce, kuma jinin ba taruwa yake a ciki ba kamar yadda ake yaɗawa, bangon mahaifa ne ba ya kauri balle ya zubo. Amma ki yi tunanin macen da ke ɓoyewa. Jini ya yi mata kwana 12, maigida ya tambaya lafiya, me za ta ce? Ranar komawa allura ta zo, da wane dalili za ta fita? Katin asibiti a ina za ta ajiye shi? Abin da na fi gani shi ne, a karo na farko da jikinta ya yi wani abu da ba ta gane ba, sai tsoro ya kama ta, ba ta da wanda za ta faɗa wa a cikin gida, sai ta daina. Bayan 'yan watanni ta dawo min da ciki. Wadda mijinta ya sani kuwa, shi ne ma yake cewa je ki tambaye su, ko ya tuna mata ranar komawa. Idan wannan hanyar ba ta karɓe ta ba, ta dawo mu canza mata wata, maimakon ta watsar gaba ɗaya.

Wani nazari da cibiyar bincike ta Guttmacher ta fitar a 2016 kan ƙasashe 52 ya tambayi matan aure da ba sa son ciki a lokacin amma ba sa amfani da komai, me ya hana su. Kusan kashi 26 cikin 100 sun ambaci tsoron illa ga lafiya, kusan kashi 23 sun ambaci adawa, tasu ko ta miji ko ta wani na kusa, kusan kashi 20 kuma sun ce suna shayarwa ko al'ada ba ta dawo ba. Rashin sanin hanyoyin ko rashin inda za a same su ba su kai waɗannan yawa ba. Ki duba waɗannan dalilan da kyau. Tsoro, adawa, da zaton cewa shayarwa ta isa kariya. Dukkansu abubuwa ne da ake warwarewa da baki.

Sannan akwai hanyoyin da sam ba sa yiwuwa sai da hannun namiji. Kwaroron roba idan ana amfani da shi daidai kowane lokaci, mata 2 cikin 100 ne ke ɗaukar ciki a shekara, amma a yadda mutane ke amfani da shi a zahiri, yau a sa gobe a manta, adadin yana kai wa wajen 13. Azalu, wato zubarwa a waje, a zahiri wajen mata 20 cikin 100 ne ke samun ciki a shekara. Lissafin kwanaki, ga macen da zagayen al'adarta ke tsakanin kwana 26 da 32, yana nufin kauce wa saduwa ba kariya daga rana ta 8 zuwa ta 19, kwana 12 ke nan a jere kowane wata. Wace mace ce za ta iya wannan ita kaɗai? Tazarar da ke tsakanin "idan an yi daidai" da "yadda ake yi a zahiri" a waɗannan hanyoyin, yawancinta fahimtar juna ce tsakanin mutum biyu.

Abin da maigida bai gani ba

Zan daɗe a nan kaɗan, domin a ganina nan ne mabuɗin gidanki yake. Kin ce an ƙara miki jini. Tambayata ita ce, maigidan ya san ma'anar hakan? Na san ya san an ƙara, wataƙila ma shi ya yi ta faɗi-tashin nemo jinin. Amma akwai wanda ya zaunar da shi ya ce masa, matarka ta zubar da jini fiye da ƙima, ko kuma ta shiga naƙuda da ƙarancin jini saboda jikinta bai gama farfaɗowa daga cikin baya ba, kuma idan ta sake ɗauka nan kusa hatsarin ya fi na da? Yawancin maza a waje suke tsayawa. Abin da suke gani shi ne an shiga da mace, an fito da ita da jariri, an yi barka. Mu da ke ciki mu muke ganin zanin da ya jiƙe, da bugun zuciyar da ke gudu, da lokacin da muke addu'a a zuci mahaifa ta tsuke. Mata kuma sun iya haƙuri har ya yi musu illa, wadda ta kusa rasa ranta za ka tambaye ta ta ce "da sauƙi".

Don haka sau da yawa abin da ake kira ƙin yardar miji, rashin labari ne. Yana auna maganar da abin da ya gani, ke kina auna ta da abin da kika ji a jikinki. Ga abin da ya kamata ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, bayan ɓari kuma aƙalla wata 6. Wani babban nazari da ya tattara bincike masu yawa, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna cewa idan tsakanin haihuwa da ɗaukar ciki na gaba bai kai wata 18 ba, hatsarin haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi yana ƙaruwa, kuma ya fi tsanani idan bai kai wata 6 ba. Ki lissafa naki. Wata 15 tsakanin haihuwa biyu yana nufin kin ɗauki cikin ne na biyun yana da wajen wata shida. Jikinki bai mayar da sinadarin ƙarfen da ya rasa ba aka sake ɗora masa wani aikin, ga shayarwa a gefe. Na goye shi ma an rage masa rabonsa na nono da kulawa.

Na sha ganin mazan da suka shigo fuska a ɗaure, da aka yi musu wannan lissafin da yatsu sai jikinsu ya yi sanyi. Ɗaya ya ce min, "Malama, ai ba wanda ya taɓa gaya min." Gaskiya ya faɗa, kuma laifin har da namu ma'aikata, da muka daɗe muna ɗaukar ɗakin awo da na tsarin iyali kamar wurin da namiji ba shi da abin yi.

Yadda za ki buɗe maganar

Ki fara da jikinki, kada ki fara da sunan magani. Idan kika ce "ina so in yi allura", kin kai shi ƙarshen hanya tun bai taka farkonta ba, kuma duk wani labarin tsoro da ya taɓa ji game da allura shi zai fara zuwa masa. Idan kuwa kika ce, "Abban yara, akwai abin da ke damuna tun haihuwar nan, ban taɓa gaya maka yadda abin ya kasance ba," kin gayyace shi ne ya ji. Ki ba shi labarin yadda ya faru, har da tsoron da kika ji. Sannan ki ce kina so ki samu ƙarfi, yaron nan ya sha nononsa ya ƙoshi, kafin Allah ya kawo wani.

Kalmar da kika zaɓa tana da nauyi. "Ƙayyade iyali" a kunnen mutane da yawa tana nufin an rufe ƙofa, an yanke adadi. "Tazara" ko "hutu" kuwa tana nufin jinkiri ne. Tunda hutu kike nema, ki kira shi da sunansa, kuma ki faɗi tsawonsa: shekara biyu, sannan mu sake zama. Namijin da zai ƙi abin da ba shi da iyaka yakan karɓi abin da aka sa wa wa'adi.

Ki zaɓi lokaci. Ba a shimfiɗa ba lokacin da ya neme ki, domin a nan duk abin da kika faɗa zai ji shi kamar ƙi. Ba a tsakiyar saɓani ba, ba lokacin da ya shigo a gajiye ko ake maganar kuɗi ba, kuma ba a gaban kowa ba. Tunda kin ce ba mai yawan magana ba ne, kada ki matsa sai ya ba ki amsa a zaman farko. Irin waɗannan mazan sukan yi shiru, ki ɗauka an ƙi, bayan kwana huɗu ya ce miki, "Maganar nan da kika yi, yaushe ne ake zuwa asibitin?" Ki tambaye shi ra'ayinsa da gaske, ki saurara. 'Ya'ya nawa yake buri? Me ya taɓa ji game da waɗannan hanyoyin? Me yake tsoro?

Tsoron maza a wannan fagen ba shi da yawan iri, kusan guda huɗu nake ji kullum. Na farko, kada maganin ya hana haihuwa har abada. Amsar ita ce ƙwaya, da ashanar hannu (ɗan siririn abu mai kama da tsinken ashana da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse), da robar mahaifa (ƙaramar roba da ake sawa a cikin mahaifa), da zarar an daina ko an cire, haihuwa tana dawowa ba jinkiri. Allurar wata uku kuwa tana da jinkiri, a matsakaici mace takan ɗauki ciki wajen wata 10 bayan allurar ƙarshe, amma jinkiri ne, ba rasa haihuwa ba. Gara ya ji wannan tun farko da ya gano shi daga baya ya ce an yaudare shi. Na biyu, kada ya cutar da ke ko ya ɓata nono. Na uku, abin da mutane za su ce, musamman iyaye da dangi. Wannan ku biyu za ku yanke wa za a gaya wa, kuma ba dole ne kowa ya sani ba. Na huɗu shi ne wanda ba a faɗa da baki: zargi, wai macen da ba ta tsoron ciki me zai tsare ta. Wannan ne ya sa ɓoyewa ke da hatsari, domin idan ya tsinci kati ko ya taɓa ashana a damtsenki bai san da ita ba, abin da zai fara zuwa ransa ba lafiyarki ba ce. Maganar da kika kawo da kanki da rana tsaka tana kashe wannan zargin tun bai tsiro ba.

Idan damuwarsa ta addini ce, wannan ba fagena ba ne, kuma ba na yi wa kowa fatawa a ɗakin aikina. Ku je tare wurin malamin da shi ya yarda da iliminsa, ku faɗi lamarin yadda yake, har da ƙarin jinin da abin da likita ya ce. Idan kuma kin ga bakinki ba zai iya ɗaukar maganar ba, ki roƙe shi ya raka ki rigakafin yaro, ki sanar da ma'aikaciyar tun kafin ku shiga cewa kina so a yi muku bayani tare. Wani namijin abin da ba zai karɓa daga matarsa ba zai karɓa daga mai farin kaya.

Inda shawarata ta tsaya

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan yadda kika siffanta mijinki: ba ya duka, ba ya zagi. Da kin ce min kina tsoronsa, da amsata ta canza. Akwai gidajen da wannan maganar ke jawo mari, akwai mazan da ke zubar da ƙwayar matansu ko su tilasta musu ciki don su ɗaure su. Macen da ke irin wannan gidan ba zan taɓa ce mata je ki tattauna ba, kuma ba zan hana ta abin da zai tsare ranta don ba ta zo da miji ba. Jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2014 ta ce kada a mai da izinin miji sharaɗin ba mace tsarin iyali, kuma sirrin mara lafiya amana ce a wuyanmu. Ƙawarki wataƙila daga irin wannan gidan take magana, ko ta ga wadda ta fito daga cikinsa, don haka kada ki raina shawararta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni wasiƙa kawai na karanta, ke kika zauna da mutumin shekara bakwai.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne ana koyon wannan maganar, har a gidajen da ba a saba ba. A Ruwanda an gwada wani shiri mai suna Bandebereho, inda maza masu ƙananan yara suka riƙa zama a ƙananan rukunai, wasu zaman tare da matansu, ana tattauna reno da yanke shawara tare da tsarin iyali. Sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna amfani da hanyoyin zamani ya ƙaru, kuma matan da suka ce an doke su a shekarar da ta gabata kashi 33 cikin 100 ne a gidajen da suka shiga shirin, a waɗanda ba su shiga ba kuwa kusan kashi 57. Adadin farkon ma ya yi yawa, ban ji daɗinsa ba, amma bambancin ya nuna halin namiji a wannan fagen ba dutse ba ne.

Idan kuma kin yi maganar, ya saurara, ya ce a'a? Kada ki ɗauki a'ar farko a matsayin ta ƙarshe. Ki tambayi dalili, ki bar ta ta kwana biyu, ki dawo da ita ta wata ƙofar, ko ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa kuma kika amince zai riƙe sirri. Idan duk an yi haka bai sauya ba, alhali likitan da ya duba ki ya ce ciki nan kusa hatsari ne ga ranki, to hukuncin ya dawo hannunki, kuma mai nauyi ne. Ba zan yanke miki shi daga nesa ba. Abin da zan ce kawai, ki yanke shi tare da ma'aikaciyar lafiyar da ta san tarihinki, ba a kan shawarar mai sayar da magani ba.

Lokacin da ya rage miki

Akwai dalilin da ya sa ba na so ki ɗaga maganar nan zuwa bayan yaye. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki da kusan kashi 98 cikin 100, amma sai sharuɗɗa uku sun cika a lokaci guda: yaro bai kai wata 6 ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana ba dogon tsaiko. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. Yaronki yana wata huɗu, don haka ko komai ya cika, wata biyu ne suka rage miki. In kuwa kin riga kin ga jini, ko kin fara ba shi wani abu ban da nono, to yau ma ba ki da tabbas. Kuma kada ki jira al'ada ta zama alama, domin ƙwai yana iya fita kafin jinin farko, abin da ya sa mata da yawa ke yin kwanika ba su taɓa ganin al'ada ba tun haihuwa. Ina kyautata zaton haka ta faru da ke a wancan karon.

Idan kun je asibiti, ki nemi a fara auna jininki da hawan jini, ki kuma faɗi cewa an ƙara miki jini. Wannan zai shafi zaɓin. Ƙwayar da ke haɗe da sinadari biyu ba a so mai shayarwa ta fara ta kafin yaro ya kai wata 6, amma akwai ƙwaya mai sinadari ɗaya da ta dace da masu shayarwa, sai dai tana son a sha ta a kan lokaci kullum. Ashanar hannu tana dacewa da shayarwa, Implanon shekara 3 take yi, Jadelle shekara 5, kuma ƙasa da mace 1 cikin 100 ke ɗaukar ciki da ita a shekara, ana kuma cire ta duk ranar da kuka so. Robar mahaifa mai jan ƙarfe tana kai shekara 10 kuma ba ta da sinadarin da ke shiga jini, amma takan ƙara yawan jinin al'ada, abin da ya kamata a auna da kyau ga mai ƙarancin jini irinki. Allurar ma tana nan cikin zaɓi, in kun san da jinkirin da na ambata. Kafin ku kai ga yanke shawara, kwaroron roba zai iya riƙe ku na 'yan makonni, kuma neman ya yi amfani da shi ma wata ƙofa ce ta shiga maganar.

Ki tafi da katin haihuwarki na ƙarshe idan yana hannunki, domin abin da aka rubuta a ciki zai taimaki wadda za ta duba ki, kuma shi ne abin da za ta nuna wa maigidan idan ya zauna.